Yadda za ka yi amfani da takin masai wajen noman itacen makamashi

Duk lokacin da naga motar kwasar masai ta juye kayanta a gefen gonar latas ko alayyahu sai raina ya ɓaci wallahi, saboda takin nan yana da ƙarfi sosai amma ba nan ne wajensa ba. Wajensa shi ne shukar da ba ci ake yi ba, wadda ƙona ta za a yi ko a matse mai a jikinta, irin su binidazugu da zurma da turare da darbejiya na itacen girki. A ƙasar Suwidin ma an yi haka, a garin Enköping an kafa gonar itacen wilo da ake ba ta ruwan da ya fito daga matatar bahaya, in ta girma a sare a kai tashar wuta a ƙona.

Toh abu na farko, ka tambayi direba daga ina ya kwaso. Na masan gidaje da sokawe na unguwa shi kake so. In daga wajen kamfanoni ne, musamman irin yankin masu jima na Challawa da Sharada a Kano, ka haƙura da shi ko kyauta ne, domin ruwan jima yana ɗauke da sinadarin kuromiyom, wasu masana'antun kuma dalma da kadmiyom, kuma su waɗannan ba sa ruɓewa, in suka shiga ƙasarka sun zauna kenan shekara da shekaru.

Na biyu kada ka kuskura ka zuba shi ɗanye. Ni na taɓa yi a shingen binidazugu na, dashe goma sha biyu, kwana huɗu kawai ganyen ya yanƙwane ya yi baƙi daga baki kamar an bi shi da wuta, bakwai suka mutu. Abin da ya dace shi ne ka haƙa rami mai faɗi marar zurfi, nesa da rijiya aƙalla mita 30 kuma ba a kan hanyar ruwa ba, a juye a ciki tun farkon rani, rana ta busar da shi har ya tsattsage. Sai ka sa shebur ka tsince leda da tsumma da batir da kwalabe, ka cakuɗa da buntun shinkafa ko garin katako ko karan dawa da aka daddatsa, ka tara shi tsibi ka ɗan yayyafa ruwa, kana juyawa duk bayan sati biyu. In ka tura sanda cikin tsibin ka zaro ka ji ta da zafi rau, aiki na tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2006 ta ce zafin ya wuce digiri 50 na sama da mako guda, in kuma ajiyewa kawai za ka yi a yanayi mai zafi irin namu toh ya haura shekara ɗaya, saboda ƙwan tsutsar ciki taurin rai gare shi, ya fi ƙwayar kwalara da taifot daɗewa nesa ba kusa ba. Safar hannu da takalmin roba da takunkumi dole ne, in ka gama ka wanke jiki da sabulu, yara kuma kada su kusanci wajen.

Yanzu maganar abin da shuka ke sha a ciki, nan ne mutane da yawa ke kuskure suna zaton ya maye gurbin NPK gaba ɗaya. Naitirojin ɗinsa a ɗaure yake cikin ruɓaɓɓen abu, a hankali yake sakinsa in ƙasa ta samu laima da ɗumi, ba kamar yuriya ba da za ka ga canji cikin kwanaki, shi ya sa ya dace da itace mai daɗewa a gona. Fosfaros yana da shi isasshe, har ma yakan taru ya yi yawa in kana zubawa duk shekara. Fotash ne ba shi da yawa, domin narkewa yake ya bi ruwa tun a rami. Saboda haka in kaga bakin tsofaffin ganye yana ƙonewa tsakiya kuma kore shar, ka barbaɗa tokar murhu a gindi, amma ba rana ɗaya da takin ba, toka na sa naitirojin ya tashi a iska, ka bari a samu tazarar makonni. In tsofaffin ganye na ƙasa suka yi ɗorawa gaba ɗaya takin ne bai isa ba. In kuma binidazugu ya yi ganye jibgi amma 'ya'ya kaɗan, takin ne ya yi yawa, ka tsallake shekara guda ba ka zuba ba.

Wajen zubawa, ni rabin bokiti nake sa wa kowane ramin dashe in gauraya da ƙasar sama, babban itace kuma bokiti ɗaya, in zagaye shi da ɗan kwari daidai inda inuwar rassansa ta tsaya in binne. A watan Mayu nake yi kafin ruwa ya zauna, kada a bar shi a fili ruwan farko ya kwashe ya kai kududdufin da dabbobi ke sha.

Akwai abu guda da ake mantawa, ƙasa mai tsami tana sa saiwa ta fi jan kadmiyom, kuma in aka ƙona itacen yawancin ƙarafan nan irin su kadmiyom da dalma a toka suke taruwa. Kenan in kana shakkar inda takinka ya fito, tokar itacen kada ta je fadamar kayan miya, kuma kada ka tsarma wake ko kuɓewa a tsakanin layukan ko da kaga wajen ya yi kyau ya baka sha'awa.