Ƙyallen Goggo a Kan Kwali: Aikin Hannu na Zumunci ga Ɗaliban Malanta

Idan aka tura ɗalibin NCE (mai neman takardar shaidar malanta a kwalejin ilimi) koyarwar gwaji kuma darasin CCA, wato al'adu da fasahar ƙirƙira, ya faɗo hannunsa, abin da ya fi tararwa shi ne tsohuwar al'ada: malami ya zana kofi ko ganye a allo, yara sittin su kwafa, a ba da maki. Alhali manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajojin makarantu ta Najeriya, ta fitar ta ba da fili ga manne-manne da ginin yumɓu da sana'o'in hannu, kuma babu abin da ke riƙe hankalin yaro kamar a ce ya yi aiki a kan mutanen da ya sani. Ga yadda ake shirya irin wannan aiki a aji huɗu zuwa shida na firamare ko ajin farko na ƙaramar sakandare, da kayan da ba za su cinye kuɗin makarantarku ba.

Sharaɗi ɗaya kafin komai: ku yi naku tun kuna kwaleji, daga farko har ƙarshe, kuna duba agogo. Abin da ya ɗauke ku minti goma zai ɗauki yaro minti ashirin da biyar. A nan ne kuma za ku gane inda manne ke saki da inda kwali ke lanƙwashewa, ba a gaban malamin da ya zo duba ku ba.

A bar bishiyar dangi

Littattafai da yawa suna farawa da bishiyar dangi: uba a dama, uwa a hagu, 'ya'ya a ƙasa. A ajinmu wannan tsari yana jawo rigima. Yaron da gidansu mata uku ne zai tambaya ina zai sa sauran biyun. Yarinyar da goggonta ke riƙo ba ta san reshen da za ta hau ba. Agola zai yi shiru, maraya zai bar gurbi babu komai, na kusa da shi kuma ya leƙa ya tambaya. Saboda haka kada umarnin ya zama "zana iyalinka". A ce: "Kowa ya zaɓi mutum biyar da suka taɓa yi masa wani abin da bai manta ba." Kaka ta shiga, kawu ya shiga, malamin allo da maƙwabciyar da ke yi wa yarinya kitso duk sun shiga, wanda ya rasu ma yana da wuri. Ba a tambayar yaro dalilin da ya sa babu wane.

Abu na biyu shi ne surar mutum. Akwai iyayen da ba sa son 'ya'yansu su zana abu mai rai, kuma ɗan koyarwar gwaji ba shi da hurumin buɗe wannan muhawara. Ayyukan da ke ƙasa duk ba sa bukatar fuska. Ƙyalle ko wani kaya ne ke tsayawa a madadin mutum, kamar yadda masu zayyanar allo da magina masu ado a bangon gidajen Zariya da Kano suka daɗe suna isar da ma'ana da dagi da layuka ba tare da sura ba.

Allon ƙyallaye

Wannan shi ne babban aikin, kuma yana cin darasi uku na minti 35 zuwa 40. Dalilin zaɓensa shi ne a wurinmu tufa tana ɗauke da tarihi. Yarinya za ta kalli atamfa ta ce ankon bikin Yaya ce, yaro ya kalli yadi ya ce irin na Sallar bara ne da Baffa ya ɗinka musu.

Ga aji mai yara 60 ana bukatar:

Kwali 65, kowanne santimita 20 da 25, wanda aka yanka daga kwalayen taliya ko na sabulu. Biyar ɗin na waɗanda za su ɓata nasu ne.
Ƙyallaye kamar 360, kowanne santimita 5 da 5.
Tsofaffin jaridu ko takardun da aka gama amfani da su, biyu ga kowane yaro.
Manne lita ɗaya da rabi.
Gindin gorar ruwa guda 10 da aka yanke, na zuba manne. A guji gwangwanin tumatir, bakinsa yana yanka hannu.
Tsinken asawaki ko guntun kara da aka ɗan daddaka bakinsa, a madadin buroshi, uku ga kowane rukuni.
Farar takarda da biro, da tsumma mai ɗanshi na goge hannu.

Batun ƙyallen yana son hankali. Idan kuka ce kowa ya zo da ƙyallen wani nasa, abubuwa uku za su faru. Wani yaro zai sa almakashi a zanen uwarsa na fita unguwa. Wani gidan za su hana, domin mutane da yawa ba sa sakin jiki su ba da yankin tufar da suka taɓa sawa, saboda tsoron sammu, kuma ba aikinku ba ne ku yi musu gardama. Na uku, ɗan masu hali zai zo da shadda mai tsada, wani ya zo hannu rabbana. Maganin duka ukun ɗaya ne: ku je wurin tela mako biyu kafin darasin ku roƙi ragowar yanka. Ana dab da Sallah ko lokacin bukukuwa, shago biyu sun isa su cika muku buhu. Ku yanka su daidai wa daida a gida. A aji sai yaro ya zaɓi wanda ya yi kama da tufar mutumin, ko launin da ke tuna masa da shi. Wanda iyayensa suka ba shi ragowar ɗinki da kansu, a karɓa, amma a yanka shi girman na kowa.

Ku fi tara atamfa da yadin auduga, su ne ke shan manne su kama. Leshi da yadi mai santsi na roba sitaci ba ya kama su, da sun bushe sai su ɓantale. Sabuwar shadda mai ƙyalli ma haka take sai an wanke ta. Idan dole ne a yi amfani da irin waɗannan, a tanadi ƙaramar robar farin gam irin Top Bond a teburin malami.

Haɗa manne: a auna sitacin rogo gwangwanin madara ɗaya, a dama shi da ruwan sanyi gwangwani ɗaya har gudaji su baje. A tafasa ruwa gwangwani takwas, a zuba a kai yana tafasa ana juyawa da sauri. Zai tashi daga fari ya koma garai-garai mai yauƙi, kamar kokon da ya yi kauri. Idan ya tsaya fari tsululu, ruwan bai tafasa sosai ba, sai a ɗora a wuta ana juyawa minti biyu zuwa uku. A zuba gishiri cokali ɗaya don ya rage saurin tsami, a bar shi ya huce. A haɗa shi da safiyar ranar ko daren jiya. A lokacin zafi, bayan kwana biyu ya fara wari ya tsinke. Inda ƙaro ya fi sauƙin samu, a daka shi, a jiƙa awo ɗaya a ruwan ɗumi awo biyu ya kwana, a tace da ƙyalle. Yana kama takarda da kyau, amma a kan yadi mai kauri sitaci ya fi shi.

Darasi na farko ba a taɓa ƙyalle. Minti goma na farko ku nuna naku allon, ku faɗi jimla ɗaya a kan kowane ƙyalle. Ku zaɓi ƙananan abubuwa, kamar wadda ta koya muku daka ko wanda ke raka ku makaranta, domin idan malami ya fara da labarin mutuwa ko na aikin Hajji, yara za su ɗauka sai babban labari ake so. Daga nan kowa ya rubuta mutum biyar ɗinsa a littafinsa, da abu ɗaya da kowannensu ya yi masa. A yi amfani da sunan da ake kiransu a gida, Inna, Goggo, Kawu, Yaya, ba cikakken suna ba. Dama yara da yawa ba sa iya ambatar sunan iyayensu saboda alkunya. Minti goma sha biyar na ƙarshe a lulluɓe kwalin da takarda, gaba da baya.

Wannan "da baya" ɗin shi ne abin da aka fi mantawa. Takarda idan ta jiƙe tana buɗewa, idan ta bushe sai ta tsuke ta ja kwalin. In gefe ɗaya kawai aka manna, washegari za ku tarar da alluna sittin sun lanƙwashe kamar ɓawon gyaɗa. Manna ɗaya gefen yana daidaita jan. Bayan sun sha iska kamar rabin sa'a, a jera su goma-goma, a sa leda tsakaninsu, a danne da littattafai ko bulo.

Darasi na biyu shi ne na mannawa. A raba ajin rukuni goma na mutum shida-shida, kowane rukuni da tulin ƙyallaye 36 da mazubin manne ɗaya. Doka ita ce a jera kafin a manna. Yaro ya shirya ƙyallensa biyar a bushe, ya bar wurin rubutu kamar faɗin yatsu biyu a ƙarƙashin kowanne, ya ɗaga hannu ku gani, sannan a ba shi tsinke. A shafa mannen a kan kwali, ba a kan ƙyallen ba, kuma siriri. Yara suna ɗauka yawan manne shi ne ƙarfi, sai ya huda yadin ya bar tabo, launin atamfa mai zuba kuma ya malala. Da hunturu manne yana bushewa kafin yaro ya gama tunani, don haka ƙyalle ɗaya-ɗaya za a riƙa shafawa. Da damina matsalar ita ce fumfuna: kada a tara su sai sun bushe ƙayau.

Yayin da suke aiki, ku zaga kuna tambaya a hankali: "Wannan na wane ne, Hajiya ƙarama?" ko "Me ya sa ka sa wannan a tsakiya?" Kada ku gyara wa yaro jerinsa. Idan ya sa kakarsa a sama da kowa, shi ya san dalili.

Darasi na uku rubutu ne da ado da nuni. Jimla ɗaya a ƙarƙashin kowane ƙyalle, a ɗan guntun farar takarda da za a manna, da Hausa ko Turanci, wanda ya fi iya ajami ma a bar shi. Abin da yaro ba ya so a karanta, ya rubuta a bayan allon. Gefen kuma a yi masa ado da tawadar allo, wato gawayi da ƙaro, ko jar ƙasa da aka tankaɗe aka dama da ɗan ruwan ƙaro. Ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja, kurkum yana ba da rawaya, amma dukansu rana tana kashe su cikin 'yan makonni, kuma in kanwa ta taɓa zoɓo sai ya juye ya koma shuɗi-shuɗi. Wannan kansa ɗan darasin kimiyya ne idan lokaci ya rage.

Ga ƙananan azuzuwa da ranar da babu kaya

'Yan aji ɗaya zuwa uku ba za su jure darasi uku ba. Su ɗora tafin hannu a takarda, abokin zama ya zagaye shi da fensir, kowane yatsa ya zama mutum ɗaya, a cike tafin da zane irin na lalle. Darasi ɗaya ya isa.

Idan kuwa takardar A4 kawai kuke da ita, tana zama ɗan littafi mai shafi takwas ba tare da ɗinki ba. A ninka ta biyu ta tsawo a buɗe. A ninka ta biyu ta faɗi, a sake ninka wannan biyu, a buɗe: gida takwas ke nan. A mayar da ita ninki biyu ta faɗi, a yanka daga bakin ninkin a bi layin tsakiya, gida ɗaya kawai. A buɗe, a ninka ta tsawo, a turo ƙarshen biyu zuwa tsakiya har tsagar ta buɗe, sai a kwantar da shafukan. Kuskuren da aka saba shi ne yankawa daga buɗaɗɗen gefe, takardar ta rabe. Kowane shafi ya ɗauki kaya ɗaya da ke tuna wa yaro da wani: carbin Kaka, fartanyar Baba, faifan Inna.

Maki da nuni

A takardar shirin darasi, ku rubuta manufar da za a iya aunawa, misali yaro ya iya jera ƙyallaye biyar ya manna su da tsabta, ya kuma bayyana alaƙarsa da mutum biyu daga ciki. Maki goma ana iya raba shi haka: uku na tsari, uku na tsabtar manne, biyu na rubutu, biyu na kammalawa da gyara wurin aiki. Ba a ba da maki a kan daɗin labari ko kyan yadi.

Wajen nuni, a ɗaura igiya a bangon da rana ba ta bugawa, a maƙale allunan da abin shanya. Wanda ya so ne kawai zai tashi ya yi bayani, kuma mutum shida zuwa takwas sun isa darasi ɗaya. A garuruwan da ke karɓar waɗanda rikicin 'yan bindiga ko na Boko Haram ya raba da gidajensu, ku sa ran wani ƙyallen zai kawo hawaye. A bar yaron ya zauna, a ci gaba da na gaba, a same shi bayan an tashi. Idan wani ya rubuta abin da ke nuna ana cutar da shi, ba a yi masa tambayoyi a gaban aji, a kai maganar ga shugaban makaranta a ranar. Hoton da za ku ɗauka don rahotonku na kwaleji ya zama na allunan ne kawai, ban da fuskokin yara, ban da bayan allon.

Kada nunin ya wuce mako biyu, domin kyankyasai da ɓeraye da gara duk suna son sitaci. Bayan nan kowane yaro ya tafi da nasa gida. Naku samfurin, wanda za ku sake bukata a wata makarantar, ku sa shi a leda tare da busasshen ganyen darbejiya, ku ajiye shi a kwance a ƙarƙashin littattafai, nesa da ƙasa da bango.