Yadda Ake Sauya Sautin Jitar Lantarki Mai Tsohon Yayi Ta Hanyar Jakinta

Idan sautin jita bai gamsar da mai ita ba, fikof yake fara zargi, wato maganaɗisun da ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya mayar da ita lantarki, daga nan sai amfilifaya. Ba kasafai ake waiwayar jaki ba, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa a gindin jita, alhali a nan ne girgizar tsirkiya take tsayawa. Fikof ba ya ƙirƙirar sauti, abin da tsirkiya ta yi kawai yake ɗauka. Idan jaki yana shanye ƙarfin girgizar, amo zai mutu da wuri. Idan ya riƙe ta gam, amon zai daɗe kuma kaifinsa ya fito. Ga yadda ake bin aikin ba tare da an zubar da kuɗi a banza ba.

Mataki na farko, sa sababbin tsirkiyoyi ka ɗauki sauti. Tsohuwar tsirkiya tana dusashe murya fiye da kowane ƙarfe, kuma da yawa daga masu cewa sabon jaki ya farfaɗo musu da jita, sabuwar tsirkiyar da suka ɗaura a ranar ce suke ji. Ka bari su kwana biyu su zauna, sannan ka kaɗa abu ɗaya ka ɗauka da waya, ka kuma rubuta inda maɓallan amfilifaya suke. Ka kaɗa ba tare da jona waya ba ma, ka saurari tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya ɓace.

Na biyu, gane gidan da jakinka ya fito. Jitar Telecaster ta kamfanin Fender, wadda ta samu wannan suna a 1951, tana da faranti na baƙin ƙarfe da sirdi uku, wato 'yan ƙarafan da tsirkiya ke kwanciya a kansu, kowane sirdi na ɗauke da tsirkiya biyu, tsirkiyoyin kuma suna ratsa katako su fito ta baya. A farkon shekarun 1950 sirdin na tagulla ne, wajen 1954 aka koma baƙin ƙarfe. Fikof ɗin baya a jikin farantin yake zaune, saboda haka ƙarfen farantin yana taɓa yadda maganaɗisun ke aiki, kuma yana cikin dalilan cizon nan da aka san Telecaster da shi. Stratocaster ta 1954 tana da sirdi shida na lanƙwasasshen ƙarfe, da wani dunƙulen ƙarfe a ƙarƙashi wanda sifirin ke ja ta baya. Bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, a farkon shekarun 1970 aka koma zuba jakin da gaurayen tutiya. Les Paul ta Gibson kuwa, jakinta mai suna ABR-1 ya fito a 1954, yana tsaye kan siraran sanduna biyu da aka murɗa kai tsaye cikin katako, sannan a bayansa akwai maƙalar tsirkiya ta alminiyum mara nauyi. Daga baya aka riƙa yin maƙalar da tutiya mai nauyi.

Na uku, ɗauko maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne. Buɗe murfin bayan Stratocaster ka kara shi a dunƙulen. In ya kama gam, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, galibi tutiya ce, musamman idan dunƙulen siriri ne, kamar yadda ake samu a jitoci masu araha da ake kwaikwaya a Sin da Indonesiya. Haka za ka gwada sirdi da faranti. Tagulla da alminiyum ma ba sa kama maganaɗisu, amma launi da nauyi za su gaya maka.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma ko kwabo ba ya ci. Duba kowane sirdi da kyau. A jitocin Fender, ƙananan sukurori biyu ne ke ɗaga shi, kuma dole dukansu su taka faranti daidai. Idan ɗaya yana lilo, za ka ji wani siririn zuzu kamar sauro ya shiga kunne, amon tsirkiyar kuma ya gajarta. Ɗan juyi da alanki ya wadatar. A Telecaster, ɗaure sukurorin faranti ya kwanta sosai a kan katako, domin farantin da ya ɗaga yana jawo ihu idan an ƙure amfilifaya. A Stratocaster sai ka zaɓa: ko ka bar jakin yana shawagi da tazarar kusan milimita 3 a bayansa, ko ka ƙara ɗaure sukurori biyun da ke riƙe da sifirin har farantin ya kwanta a jikin katako. Mai shawagi yana ba da laushi da ɗan amsa-kuwwar sifirin. Wanda ya kwanta ya fi tsayawa da ƙafarsa, kuma in tsirkiya ɗaya ta tsinke ana tsakiyar biki, sauran ba za su karkace ba. A Les Paul, gwada ɗaga maƙalar baya ko saukar da ita. Saukarwa na ƙara danna tsirkiya a kan sirdi, amma kada ta kai tsirkiyar na gogar bayan jaki. Ka kaɗa, ka sake ɗauka. Mutane da yawa a nan buƙatarsu ke biya.

In har yanzu da saura, to sai saye, amma awo tukuna. Tazarar tsirkiya ta farko zuwa ta shida a tsohuwar Stratocaster kusan milimita 56 ce, a yawancin na Asiya kuwa kusan 52 da rabi. Zaren sukurorin Amurka da inci ake auna shi, na Asiya da milimita, kuma ba sa shiga juna. Wanda ya yi odar kaya daga waje bai auna ba, sai dai ya ajiye su a akwati.

Abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, ka fara da mai araha. A kunnena, sirdin tagulla a Telecaster yana rage tsinin sama ya ƙara kauri a tsakiya, baƙin ƙarfe kuma ya fi tsawa. Mai son kaifin nan irin na makaɗan jitar Agadez ba shi da dalilin barin baƙin ƙarfe. Dunƙule mai nauyi a madadin siririn tutiya yakan ƙara wa Stratocaster cika. Maƙalar alminiyum a Les Paul takan sa sauti ya ɗan buɗe. Sai dai bambancin ƙarami ne, an fi jinsa a sauti mai tsabta, kuma da zarar an ƙure murɗin amfilifaya rabinsa ya ɓace. Masu talla ba za su faɗa maka haka ba.

Lokacin kwancewa ka lura da siririyar wayar da ke haɗa jaki da kayan lantarki. A Telecaster tana ƙarƙashin faranti, a Stratocaster an like ta da dalma a ƙarfen da ke riƙe sifirin. In ba ta koma wurinta ba, jita za ta riƙa gurnani ko hannunka na kan tsirkiya.

Bayan an haɗa, sai daidaita tsawon kowace tsirkiya. Saita ta a buɗe, sannan ka danna a gaɓa ta 12 a wuyan jita. In sautin ya haura, ja sirdin baya, nesa da wuyan jita. In ya gaza, turo shi gaba. A Telecaster mai sirdi uku ba za ka samu duka shida cif ba, tunda biyu-biyu suke tarayya, sai ka raba kuskuren tsakaninsu ko ka nemi sirdin da aka yanka a karkace don wannan matsalar. Daga nan ka ɗauki sauti na ƙarshe, ka ba wani ya kunna maka tsohon da sabon a gauraye ba tare da ya faɗa maka wanne ne wanne ba. Tsofaffin sirdin kuma ka ɗiga musu mai ka ƙulle a leda saboda tsatsar damina, domin duk ranar da za ka sayar da jitar mai saye zai tambaye su.