Kurakuran da Marubutan Littattafan Makaranta Suka Fi Yi Wajen Kare Haƙƙinsu da Sunansu

Galibin malaman da ke rubuta littafin lissafi, ko na Hausa, ko na kimiyya domin ɗaliban firamare da sakandare a Najeriya sun san darasinsu sarai. Harkar ɗab'i ce ba su sani ba, shi ya sa kurakuran da aka yi tun shekarun baya su ne har yau sababbin shiga ke maimaitawa.

Mafi muni shi ne sa hannu a kan yarjejeniyar da ba a karanta ba, ko miƙa rubutu ga kamfanin ɗab'i bisa alkawarin fatar baki. Marubuci yakan ji nauyin yin tambaya, wai kada a ce ya cika son kuɗi, sai ya karɓi abin da aka ba shi a dunƙule ya tafi yana godiya. Alhali littafin makaranta, idan ya shiga jerin waɗanda ma'aikatar ilimi ta amince da su, duk shekara sai sabon aji ya saye shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar wa marubuci haƙƙin littafinsa tsawon rayuwarsa da kuma shekara 70 bayan rasuwarsa, wato gadon 'ya'ya da jikoki ne, kuma ba a sayar da shi sai a rubuce. Wannan ne mutum zai sarayar da layi ɗaya saboda kunya?

Na ɗanɗani ɗacin wannan a hannun wani kamfani da ya saye haƙƙin littafina na nahawu gaba ɗaya. An yi ta sake buga shi ban sami ko sisi ba, daga baya aka ba wani ya yi masa kwaskwarima, sunansa ya hau bango a saman nawa, kuma da na je wurin lauya sai ya nuna min sa hannuna. Tun daga nan ba na sa hannu a ranar da aka miƙo min takarda. Ina tafiya da ita gida, ina duba ko kason da za a ba ni daga farashin bango za a cire shi ko daga abin da ya rage bayan rangwamen dillalai, domin kashi 10 cikin ɗari na wannan ba ɗaya yake da na wancan ba. Ina kuma neman a rubuta cewa za a riƙa ba ni lissafin ciniki duk shekara, ba za a gyara littafin ba sai da izinina, kuma haƙƙin zai dawo hannuna idan kamfani ya daina bugawa. Wasu abokan aiki suna ganin na tsananta, amma kamfanin da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, ni dai ba na binsa.

Kuskure na biyu shi ne tattara takardun shirin darasi a kira su littafi ba tare da an buɗe manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, ba. Malam, gwanintarka a aji ba ta dami mai tantancewa ba. Manhaja yake ajiyewa a gefe yana bin babi-babi, kuma littafin manyan azuzuwan sakandare sai ya dace da abin da WAEC da NECO ke tambaya. Wanda ya tsallake wannan zai biya maɗaba'a da albashinsa, sannan ya jibge kwalaye a ɗaki yana zargin hassada.

Sauran ƙanana ne, amma suna rage wa littafi daraja. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓarta, ba aro daga mai maɗaba'a ba, kuma doka ta wajabta a ajiye musu kwafi uku. A ba edita rubutu ya duba, ko da marubucin farfesa ne. Littafin Hausa da babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ bai cancanci shiga aji ba.

Akwai kuma zaman kaɗaici da jiran lambar yabo. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta zube ce da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara, kuma ƙungiyar marubutan Najeriya ta ANA, wadda aka kafa a 1981, ta fi karkata ga masu ƙagaggen rubutu. Marubucin littafin makaranta ya fi buƙatar rajista da REPRONIG, mai karɓar kuɗin kwafar littattafai a madadin masu haƙƙi. Malamin jami'a ko kwalejin gwamnati kuwa yana iya neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na mayar da rubutu littafi ta hannun makarantarsa. Idan kuma ka ga jabun littafinka a kasuwa, kada ka tsaya cacar baki da mai shago: sayi kwafi ɗaya, karɓi rasit, ka kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tare da kwafinka na asali.