Masu biyawa ta Gore bayan Maulidin Kaulaha, ku kiyayi waɗannan kurakurai

Shekaru ke nan ina raka 'yan zawiyyarmu daga Jos zuwa Kaulaha ta ƙasar Senegal lokacin Maulidi. In an kammala hidima a Madina Baye, akan samu rarar kwana ɗaya ko biyu kafin jirginmu ya tashi, sai matasa su matsa a kai su Dakar su ga teku. Nakan kai su tsibirin Gore, in kuma tsaya da su a maƙabartar Mbao, inda aka binne wasu daga cikin waɗanda jirgin ruwan Joola ya kife da su. Kowace shekara ayari sabo, kurakurai na bara. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya a cikin mota, shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya karanta tun yana gida.

Mu mutanen Jos a kan tudu muke, sama da mita 1,200 daga doron teku. Ruwan da muka sani shi ne kududdufan kuza da rafin Dilimi. Gidan tarihi kuwa, a wurin yawancinmu, shi ne wancan na kusa da gidan zu, inda ake kai yara ranar sallah su sha rake a ɗauke su hoto. Da wannan tunanin muke sauka Dakar, daga nan kuma matsalar take farawa.

Kada ka kuskura ka sa zuwa Gore a ranar da jirginka na sama zai tashi. Tsibirin kamar kilomita 3 ne daga tashar jiragen ruwan Dakar, tafiyar kamar minti 20, shi ya sa mutum yake ganin zai leƙa ya dawo. Jirgin da ke kai mutane ba motar tashar Bauchi Road ba ce da za ka ce wa kwandasta ya dakata, Alhaji na alwala. Lokacinsa na yi zai tashi, da kai ko ba kai. Wata shekara na yi wannan gangancin. Jirginmu da yamma ne, na ce mu je da safe mu dawo da azahar. Lokacin komawa ya yi, na ƙirga, mutum uku babu, cikinsu har da wani dattijo da iyalansa suka damƙa mini amanarsa hannu da hannu. Ashe sun hau tudun da ke ƙarshen tsibirin, inda tsofaffin igogi suke, suna kallon Dakar daga nesa. Na tura sauran, na tsaya nema. Kafin in gangaro da su jirgi ya yi nisa. Muka zauna sama da awa guda muna jiran na gaba, muka faɗa cunkoson motoci, ga filin jirgin Blaise Diagne can Diass, kusan kilomita 50 daga cikin gari. Muna isa an rufe karɓar fasinja.

Kuɗin sabon tikitin mutum huɗu bashi na ci, da na dawo Jos sai da babur ɗina ya tafi kafin na biya. Amma ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Maganin sukarin dattijon nan yana cikin jakar da ta wuce tare da ayari. Daren nan ban runtsa ba, ina yawon neman kantin magani da guntun Faransancin da bai taka kara ya karya ba, shi kuma yana ta ce mini, "Malam, kwantar da hankalinka, Allah na nan." Tun daga ranar, abin da nake yi ke nan: muna sauka in ɗauki hoton allon lokutan jirgi in tura wa kowa, kowane dattijo in haɗa shi da saurayi guda, magani da fasfo a aljihun mai su, a kuma hallara bakin gada rabin awa kafin lokaci. Wasu na cewa na cika tsanani. Su faɗa.

Ƙananan abubuwan kiyayewa kuwa ga su a gurguje. Ranar Litinin Gidan Bayi, wato gidan tarihin cinikin bayi da ke tsibirin, a rufe yake, kuma yakan rufe da tsakar rana, saboda haka ka shiga jirgin safe. Ka riƙe fasfonka, domin kuɗin tikitin ɗan Afirka daban yake da na Bature. Ka canza sefa tun a Kaulaha, ka nemi ƙanana. Babu mota a tsibirin, yashi ne da duwatsu, takalmin zuwa biki ba zai yi maka rana ba. Mai saurin jiri ya zauna tsakiyar jirgi, kada ya cika ciki da shinkafa da kifi kafin a tashi. Akwai tsohon masallaci a gindin tudun, babu dalilin jinkirta salla.

Sai masu gudu kai tsaye zuwa ƙofar nan ta Gidan Bayi da ke kallon teku, wadda ake ce wa ƙofar da ba a dawowa, su ɗauki hoto su fito. An gina gidan wajen 1776. Ka tsaya tukuna a ɗakunan ƙasa, na maza daban, na mata daban, na yara daban, ka sunkuya ka leƙa ɗan ramin ƙarƙashin matakala inda ake jefa wanda ya yi taurin kai, sannan ka ɗaga ido ka ga benen da masu gida ke zaune suna shan iska. Masana tarihi sun yi saɓani kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida, da yawansu na ganin ba su kai na tashoshi irin su Wida a Jamhuriyar Benin da Boni a Nijeriya ba. Kada ka tsaya musu da mai zagayawa da ku, kada kuma ka dawo Jos kana rantsuwa a kan adadin da ka ji. Abin da nake gaya wa yaranmu shi ne, Hausawan da aka sayar galibi ta gaɓar Legas da Badagiri da Wida aka fitar da su, da yawa aka kai su Bahiya a Barazil, inda bayi Musulmi suka yi bore a watan azumin 1835. Wanda ya san wannan ba zai shiga ɗakin nan yana taunar cingam ba. In kun fito, ku tambaya ko gidan tarihin teku a buɗe yake, don ba kullum ake dace ba. Kifaye ne da kayan masunta, kuma nan ne ɗan tudu zai fara gane yadda mutanen gaɓa ke ci daga ruwan da yake tsoro. Akwai kuma gidan tarihi a tsohuwar ganuwar Estrées mai zagaye, kusa da inda jirgi ke tsayawa.

Yanzu Mbao, kuma a nan muryata za ta ɗaga. Daren 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola ya taso daga Ziginshor a yankin Kasamans zai zo Dakar. An ƙera shi don ɗaukar mutum ƙasa da 600, aka loda masa kusan 2,000. Hadari ya taso a gaɓar Gambiya wajen ƙarfe 11 na dare, cikin 'yan mintuna ya kife. Gwamnati ta ƙidaya mutum 1,863 da suka rasu, 64 kacal suka tsira, mace ɗaya tak a cikinsu. Titanic da kowa ya sani, wajen mutum 1,500 ya ci. Masunta a kwalekwale ne suka fara ceto, agajin hukuma bai iso ba sai da gari ya waye. Da yawan mamatan ɗalibai ne masu komawa makaranta. Mafi yawansu ba a ma samu gawarsu ba, jirgin na nan kwance a ƙarƙashin teku.

To wannan wurin ne yaranmu suka shiga, karon farko da na kai su, suna dariya. Ɗaya ya ɗora ƙafa a gefen kabari yana gyara hula, wani na ɗaukarsa bidiyo don ya sa a TikTok. Ni kuma na juya baya ina lissafin kuɗin mota. Wata tsohuwa da ke zaune gefe da 'yar butarta ta miƙe ta yi magana da Wolof, ba ta ɗaga murya ba. Direbanmu ya sunkuyar da kai, da ƙyar ya fassara: ta ce ɗanta na cikin jirgin, ba a gane gawarsa ba, don haka duk kabarin da babu suna nasa ne a wurinta, yaron ya sauke ƙafarsa daga kan ɗanta. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Mutanen da suka baro Maulidi jiya jiya, da carbi a wuya! Haba jama'a, wa zai yi haka a maƙabarta a Jos a ƙyale shi? Don ba ka san mai kabarin ba sai ya zama wurin wasa? Mun manta Bagwai a 2021, da jirgin ruwa ya kife da 'yan Islamiyya suna hanyar zuwa Maulidi? Mun manta Warra a Kebbi, a shekarar nan dai? Lodin da ya wuce ƙa'ida ne can, shi ne nan.

Laifina ne da ban yi musu bayani tun a mota ba. Yanzu kafin mu isa nake sa direba ya kashe rediyo in ba su labarin duka. Wayoyi a bar su a mota, sai tawa. A shiga da sallamar da ake yi wa ma'abota kabari, a bi ta tsakanin layuka, kada a taka, kada a zauna a kai. Akwai Musulmi akwai Kirista a kwance a wurin, in ka ga wani na addu'a irin tasa ka ba shi wuri. In akwai mai gadi a gaishe shi, a nemi izini, a ɗan yi masa alheri a ɓoye. Wanda ke da lokaci da hali ya ƙarasa Ziginshor, can aka gina gidan tunawa da su a bakin kogi.

Na kuma sauya tsarin tafiyar. Da, Gore muke fara zuwa, mu biya Mbao da yamma kowa a gajiye. Yanzu muna tasowa daga Kaulaha da asuba, Mbao na bakin hanya kafin a shiga Dakar, nan muke fara tsayawa. Washegari in mun je tashar jirgin Gore, ban ƙara ganin yaron da ya yi turereniya a bakin ƙofa ba, kuma in aka ce a shiga kwalekwale zuwa tsibirin Ngor, da kansu suke tambayar rigar kariya su ƙirga mutanen da ke ciki kafin su sa ƙafa.