Darasi na 7: Ban Ruwa da Laima a Rumfar Shuka ta Gida

Rumfar shuka, wadda wasu ke kira gidan leda, rumfa ce da aka rufe samanta da farar leda mai kauri, gefenta kuma da raga mai ƙananan idanu. A ƙasashen sanyi irin su Holan, don tara wa shuka ɗumi ake gina ta. Mu a Kumasi ba ɗumi muka rasa ba. Muna kafa ta ne don kare tumatir, attarugu, latas da kokwamba daga dukan ruwan sama, da kuma farin ƙuda mai yaɗa ciwon nannaɗewar ganye. Sai dai ranar da kuka rufe sama, ban ruwa ya dawo wuyanku gaba ɗaya. Kuma a garinmu, shukar rumfa ta fi mutuwa da yawan ruwa da rashin iska a kan ƙishirwa.

Ƙasa za a tambaya, ba agogo ba

Kafin ku ɗauki bokiti, ku cusa ɗan yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In kun ji sanyi da danshi, ku bar ta sai gobe. In yatsa ya fito a bushe, ku ba da ruwa. Akwai gwaji na biyu: ku ɗebi ƙasar ku dunƙule a hannu. In ta dunƙule, kuna taɓa ta kuma ta wargaje, ta yi daidai. In ruwa ya ɗigo ta tsakanin yatsu, an zarce. Masu shuka a buhu ko a bokiti su riƙa ɗaga shi, hannu zai saba da nauyin mai ruwa da na busasshe. A tabbata an huda gindinsa, ruwan da ya yi saura ya samu hanyar fita.

Dalili shi ne saiwa ma tana numfashi. In ƙasa ta zauna jagab kullum, iska ba ta shiga, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya langaɓe. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Sai su ga shuka ta yi yaushi, su ce ƙishirwa ce, su ƙara mata wani bokitin. Wata hajiya daga unguwar Aboabo ta taɓa tambaya a aji: "Malam, safe da yamma nake ba su ruwa, me ya sa suke kwanciya?" Amsar tana cikin tambayarta. Yaushin tsakar rana ba hujja ba ne, ko lafiyayyen tumatir yakan sunkuyar da ganye da azahar. Ku jira bayan la'asar. In ya miƙe da kansa, ba ruwa yake nema ba.

Lokacin ban ruwa shi ne bayan asuba, kafin rana ta yi ƙarfi. A zuba a gindi, a hankali, kada a watsa wa ganye. Ban ruwan magariba yana sa rumfa ta kwana a jiƙe, abin da fumfuna ke so ke nan. Babban tumatir mai 'ya'ya yakan sha lita 1 zuwa 2 a ranar zafi, ƙasa da haka a ranar hadari. Ƙananan dashe kuwa yayyafi kaɗan ya ishe su, domin in ruwa ya yi musu yawa sai wuyansu ya ruɓe su faɗi.

Kada kuma a yi musu yau ambaliya gobe fari. Tumatir da ya bushe kwanaki sannan aka malala masa ruwa, 'ya'yansa tsagewa suke yi. Baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir, yawanci ba cuta ba ce, feshin magani ba ya warkar da shi. Sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, shi kuwa ruwa ke ɗaukar sa daga saiwa zuwa 'ya'ya. Wanda ke fita kasuwar Kejetia tun safe ba ya dawowa sai dare, ya samu gorar ruwa ta lita 1 da rabi, ya huda murfinta da allura mai zafi, ya yanke gindinta, ya kifa ta kusa da shuka ya cika. Haka za ta riƙa ɗiga. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa a kan ƙasa ma yana riƙe danshi.

Laimar iska

Laima ita ce ruwan da ke cikin iska, wanda ido ba ya gani. Ganye kan fitar da shi yini guda, ƙasa ma haka, leda kuma ta tsare shi. Ku shiga rumfa da sassafe ku ɗaga kai. In kun ga ɗigon ruwa jere a cikin leda yana faɗowa kan ganye, laima ta yi yawa. Akwai ɗan ma'auni mai kama da agogo da ke nuna ta. Tumatir ya fi jin daɗi tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin 100. In ta haura haka ta daɗe, garin fure yakan manne, fure ya zube ba ɗa, tabo ya fara cin ganye.

Kumasi tana da damina biyu: babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A waɗannan watanni aikinku rage laima ne. In akwai labulen leda a gefe, a naɗe shi tun safe, raga kaɗai ta rage. A bar kafar fitar iska a can ƙololuwa, domin iska mai zafi sama take hawa. A cire ganyen ƙasa da suka tsufa, a fitar da su waje. A bar tazarar kamu 1 ko fiye tsakanin tumatir da ɗan'uwansa. Na san fili yana da tsada a zango, kowa yana so ya cika rumfarsa, amma shuka 20 masu shan iska sun fi 40 masu cunkoso amfani.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yakan juya al'amarin. Iska ta bushe, ƙasa ta riƙa tsotsewa da wuri, jajayen ƙwari ƙanana masu saƙa su fito a bayan ganye. A lokacin ne kaɗai za ku jiƙa hanyar tsakiyar rumfa da hantsi don ƙara laima. Ku wanke ƙurar da ta toshe raga da wadda ta rufe leda.

Wane ruwa?

Na sama ya fi. Ku sa indararo a rufin, ku tara a ganga, ku rufe bakinta saboda sauro. Ruwan rijiya da na famfo ba laifi. Ruwan kwata da na wanki mai sabulu kada su kusanci latas, ɗanye ake cin sa.

Aikin gida

1. Ruwan sama milimita 1 a kan rufi murabba'in mita 1 yana ba da lita 1. In rufinku murabba'in mita 10 ne, aka yi ruwa milimita 20, lita nawa za ku tara?
2. Kuna da tumatir 15, kowane yana shan lita 2 a rana. Ganga mai lita 200 za ta kai ku cikakkun kwanaki nawa?
3. Kowace safiya har mako guda, ku gwada ƙasa da yatsa, ku rubuta a littafinku: "da danshi" ko "a bushe". Ku zo da shi aji na gaba.