Yadda ake amfani da hedifon mai kare kunne a wurin aiki mai ƙara, da yadda ake kula da shi

A filin jirgin sama, kamar na Malam Aminu Kano, idan jirgi zai ja baya ya bar wurin da ya ɗauki fasinja, za ka ga mutum ɗaya tsaye kusa da hancinsa, kunnuwansa biyu a rufe da manyan marufai, ga waya ta fito daga jikinsu an jona ta a jikin jirgin. Da matuƙi yake magana. Abin da ke kansa aiki biyu yake yi: yana tare masa ƙugin injin, yana kuma kai masa murya har cikin kunne. Irinsa ake buƙata a masana'antar siminti irin ta Obajana, Ashaka ko Kalambaina, da wurin fasa dutse, da ɗakin manyan janareto, da duk inda sai mutum ya yi ihu kafin abokin aikinsa ya ji shi.

Kayan yana da tsada, amma tsadarsa ba ta kare kunnen kowa. Abu biyu ne ke karewa: marfin ya manne da fata ba tare da kafa ba, kuma ya zauna a kunne daga farkon ƙara har ƙarshenta. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan biyun suke zagayawa.

Mataki na 1: San ƙarar wurinka kafin ka zaɓi kaya

Da desibel ake auna ƙara. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Wato a desibel 88 awa 4 ke nan, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15 kacal. In babu na'urar awo a wurinku, ga gwaji mai sauƙi: tsaya nesa da abokin aikinka kamar tsawon hannu. Idan sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji ka, to ƙarar ta kai 85 ko tana kusa.

A jikin kwali ko marfin za ka ga lamba tare da haruffan NRR, in kayan Amurka ne, ko SNR, in na Turai ne. Na Turai kuma yana ɗauke da alamar EN 352. Lambar tana nuna yawan ƙarar da marfin ya rage a ɗakin gwaji, inda ƙwararru suka ɗora shi daidai a kan mutanen da ba sa gumi ba sa motsi. A filin aiki ba ya kai hakan. Shi ya sa a Amurka masu duba lafiyar ma'aikata sukan cire 7 daga NRR, su raba saura biyu. Mai NRR 25 ya koma 9 ke nan. Lissafin yana da tsauri, amma gara ka ɗauki kayanka a ƙasa da ƙarfinsa da ka yarda da kwali.

Kada kuma a wuce gona da iri. Abin da ake so shi ne ƙarar da ke isa kunne ta sauka tsakanin 70 da 80. In ta yi ƙasa da haka sosai, ba za ka ji motar ɗaukar kaya tana ja da baya a bayanka ba, kuma za ka riƙa jin ka kaɗaita har ka fara ɗaga marfin.

Hedifon na sauraron waƙa mai rage hayaniya, irin wanda matasa ke sawa a mota, ba abin kare kunne ba ne. In babu NRR ko SNR a jikinsa, ajiye shi. A inda ake aikin gas ko fetur kuwa, sai mai alamar Ex, wanda aka ƙera yadda ba zai yi tartsatsi ba.

Mataki na 2: Duba shi kullum kafin ka sa

Minti ɗaya ya isa. Matsa robar da ke zagaye bakin marfin da yatsa: ta kasance da laushi, ta dawo daidai in ka saki. In ta bushe, ta tsage ko ta lotsa, aikinta ya ƙare. Leƙa sosan da ke ciki, duba jikin marfin ko ya fashe, bi wayar da hannu daga sama har bakin jonawa. Sai bakan da ke bin kai: in ya saki har marufan ba sa matse kunne, kariya ta ragu ko da komai lafiya lau ne.

Wasu kan buɗa bakan da ƙarfi wai yana sa su ciwon kai, wasu har huda marfin suke yi don iska ta shiga. Wanda ya yi haka ya mayar da kayan abin ado.

Mataki na 3: Ɗora shi yadda zai manne

A nan mafi yawan mutane ke yin asara ba su sani ba. Marfin kamar kular abinci yake, in robar bakinta ta saki, komai kyanta abincin hucewa zai yi. Kafa ƙarama tsakanin roba da fata ta isa ƙara ta kutsa.

Ja marufan biyu waje, ka ɗora bakan a tsakiyar kai, ba a goshi ko ƙeya ba. Riƙe bakan da hannu ɗaya, ka ja kowane marfi sama ko ƙasa har kunnen ya shige ciki gaba ɗaya, kada ya naɗe, kada leɓen kunne ya leƙo ta ƙasa. Sannan ka bi gefen robar da yatsa ka fitar da duk abin da ya shiga tsakani.

Me ke shiga tsakanin? A wajenmu na farko hula ce. Bakin hula, ko zanna ce ko ta sanyi da ake ja har kunne lokacin hunturu, in ya shiga ƙarƙashin roba ya buɗe hanya. Cire ta, ko ka tura ta sama. Na biyu tabarau: ƙafarsa mai kauri tana ɗaga robar a daidai gefen ido, ta cinye desibel da dama. Nemi tabarau na aiki mai siririn ƙafa da ke kwanciya a jikin kai, ko a sauya maka roba mai ruwan jel a ciki, wadda ta fi naɗe ƙafar tabarau. Biro da ake maƙalewa a bayan kunne shi ma haka.

Ga mata ma'aikata, manyan 'yan kunne su fita, kitso mai kauri kada ya bi ta gefen kunne. Hijabi kuma ba ya hana aikin, amma ƙyalle mai kauri ko mai ninki a kan kunne yana rage mannewa. Siriri mai kwanciya, ninki ɗaya, ya fi, kuma yana da kyau a haɗa da matoshin kunne na soso a ciki. Mai saje mai yawa shi ma ya lura da gefen.

Idan hular kwano kake sawa, akwai marufan da ake maƙalawa a jikinta. Suna da yanayi biyu, na hutawa da na aiki. Danna hannayen da ke riƙe da marufan ciki har ka ji ƙas a kowane ɓangare. Da yawa suna yawo da marfi a kan kunne alhali bai kulle ba.

Yanzu gwada. Tsaya inda ake ƙara, ka danna marufan biyu da tafin hannu. In ƙarar ta ragu sosai da ka danna, akwai kafa, sake gyarawa. In kusan ɗaya ne, ya zauna.

A inda ƙara ta kai desibel 100 ko ta wuce, kamar kusa da injin jirgi, sa matoshin soso a cikin kunne sannan ka ɗora marfin a kai. Sai dai kada ka haɗa lambobin biyu ka ce ka sami ninki. Ƙarin bai wuce kamar desibel 5 a kan wanda ya fi girma ba, domin ƙara mai tsanani tana bi ta ƙashin kai ma.

Mataki na 4: Makirfo, murya da oba-oba

Makirfon wannan kaya an yi shi ne ya ɗauki sautin da ke dab da shi, ya watsar da na nesa. Don haka jawo shi har ya kusa taɓa leɓe, 'yan milimita kawai. In ya yi nisa da baki kamar faɗin yatsu biyu, abokin maganarka ƙugin inji zai riƙa ji, sai ya ƙara sautin nasa, ya cutar da kunnensa saboda sakacinka. Ƙaramin soson da ke kan makirfon yana tare iska da yawu, kada ka yar da shi.

Kunna da sauti a ƙasa, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka fahimci magana, ka tsaya nan. Lasifikar da ke cikin marfin tana dab da dodon kunne, kuma kunne bai san bambanci tsakanin ƙarar inji da ƙarar rediyo ba. In ka ga kullum sai ka ƙure sauti, ko dai marfin bai manne ba, ko jinka ya fara raguwa.

Da oba-oba, danna maɓallin magana, ka jira kamar daƙiƙa ɗaya kafin ka fara, in ba haka ba kalmar farko za ta yanke. Faɗi wanda kake kira, faɗi saƙonka gajere, shi kuma ya maimaita in umarni ne mai haɗari, kamar ɗaga kaya ko kunna inji. Wasu na'urorin muryarka ce ke buɗe layi da kanta. A wuri mai ƙara sai an daidaita su, in ba haka ba inji zai riƙa buɗe layin ya hana kowa magana. Ku gwada layi da abokin aiki kafin shiga, kuma ku yi yarjejeniya a kan alamar hannu ta "tsaya" ko da batir zai mutu.

Akwai hedifon masu ƙananan makirfo a waje, da ke shigo da maganar mutane da ƙarar gargaɗi amma su danne sauti mai ƙarfi, yawanci a kusan desibel 82. Suna da amfani ƙwarai. Amma gane ta inda sauti ke fitowa ba ya zama daidai da kunne tsirara, saboda haka waiwaya da ido kafin ka tsallaka hanyar mota. Mai Bluetooth kuma an sa shi ne don kiran aiki. Sauraron waƙa ko wa'azi a tsakiyar injuna yana ɗauke hankali.

Wayar kada ta riƙa lilo kusa da bel ko abin da ke juyawa, maƙale ta a riga. Ga ma'aikatan filin jirgi, da zarar hadari ya taso da walƙiya, a cire wayar daga jikin jirgi a koma alamar hannu, domin tsawar da ta faɗa kan jirgi tana iya bin wayar har kan mutum.

Mataki na 5: Kada ka ɗaga shi

Ga lissafin da ya kamata kowane shugaban ma'aikata ya rubuta a bango. Ka ce marfinka yana rage desibel 30, aikinka awa 8 ne cikin ƙara. In ka cire shi na minti 5 kawai, kariyar yinin ta sauka ƙasa da 20. In minti 30 ne, ta koma 12. Dalili kuwa, ƙarfin sautin da ke shiga a wannan ɗan lokacin ya ninka wanda ke ratsa marfin sau dubu.

Kuma mun san lokacin da ake ɗagawa: wani ya zo gaisuwa, waya ta yi ƙara a aljihu, zafin bazara ya sa gumi ya taru. Ai don kada ka ɗaga ne aka saka makirfo da lasifika a ciki. Gaisa ta layi ko da hannu. In gumi ya dame ka, fita daga wurin ƙarar tukuna, ka goge, ka mayar, sannan ka dawo. Akwai siraran takardun tsotse gumi da ake mannawa a kan robar, kuma su aka yi don haka, ba hankici ko tsumma ba.

Mataki na 6: Wanki, ajiya da sauyin kaya

Bayan tashi, goge robar da kuma bakan da ke bin kai da tsumma mai ɗan danshi da sabulu. Kada ka tsoma shi a ruwa, kada fetur, kananzir ko tina su taɓa shi, suna busar da roba su fasa ta. Man shafawa da gumi ma suna taurara ta a hankali, shi ya sa gogewar kullum take da muhimmanci. In ciki ya jiƙe, ɓalle robar, ka fitar da soson, ka bar su su sha iska a inuwa har safe. Da hunturu, ƙura tana cika ramin makirfo da bakin jonawa, share su da busasshen burushi mai laushi.

Roba da soson ciki ana sayar da su tare, kuma kamfanoni irin su 3M suna cewa a sauya su aƙalla sau biyu a shekara ga mai sawa kullum. A zafinmu da ƙurarmu, ni dai ba zan jira wata shida ba in na ga ta fara tauri. Saya wadda aka yi don samfurinka. In kuna karɓa-karɓa da kaya ɗaya, kowa ya riƙe robarsa da soson makirfonsa, saboda ƙaiƙayi da ciwon kunne.

Ajiye shi a jaka ko akwati, wuri mai sanyi da bushewa, ba tare da wani abu ya buɗa bakan ba. Gaban gilashin mota da rana shi ne mafi munin wuri: zafin da ya wuce digiri 55 yana lalata roba da batir. In za a daɗe ba a yi amfani da shi ba, cire batiran kada su yi ruwa su ci ƙarfen ciki. Kada ka haɗa sabo da tsoho, kada ka yi cajin wanda ba na caji ba, kuma a wurin gas kada ka sauya batir sai ka fita waje.

In kunne ya fara magana

A cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Wadda ƙara ta kashe ba ta sake tsirowa, kuma ba ta yin zafi lokacin da take mutuwa. Alamun farko su ne kunne ya riƙa kuka ko shuuu bayan an tashi aiki, ko ka ji magana kamar daga cikin ɗaki a rufe, ko ka kasa bin hira a taron biki alhali kana jin muryoyin. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya kai kayansa a duba, shi kuma ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a yi masa awon ji. Raunin da ƙara ke jawowa yakan fara bayyana a takardar awo kafin mai shi ya lura, don haka a yi awon lokacin kama aiki, a maimaita duk shekara, kuma ka karɓi kwafin sakamakon ka ajiye don a kwatanta da na baɗi.