Idan kaza ta kasa tashi: yadda ake jinyarta a gida

Kazar da ƙafa ta ƙi ɗauka ba kasafai ciwon ƙafar ne ke kashe ta ba. Ƙishirwa ce ke fara cin ta, sai saran 'yan uwanta, sai kuma kwanciya cikin kashinta har fatar ƙirji ta ɗaye. Don haka kafin a ruga shagon maganin dabbobi, a fara da ɗauke ta daga akurki. Kaji ba su da tausayi: da zarar sun ga ɗaya ta kwanta, za su hau ta da sara, zakara kuma ya tattake ta. Wannan ya shafi kazar Hausa da yara suka shaƙu da ita, da kajin ado irin su Brahma da ake saye da tsada a Bauchi, duk jinyar ɗaya ce.

A samo kwali ko tsohon baho, a zuba dusar katako ko ɓuntun shinkafa mai kaurin santimita 8 zuwa 10. Kada a shimfiɗa leda ko jarida, santsinsu yana ƙara buɗe ƙafafun. A ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai maki 40, ɗakin kwano a rufe zai iya kashe ta cikin wuni guda, domin kaza ba ta gumi, haki kawai take yi. Da hunturu kuwa a rufa rabin kwalin da tsumma da dare. A lulluɓe saman da guntun gidan sauro saboda ƙudaje, a kuma ɗaga shi daga ƙasa saboda cinnaku da ɓeraye.

Sai ruwa. Babbar kaza tana shan kusan rubu'in lita a wuni, fiye da haka da bazara. A sa ruwan a murfi mara zurfi daf da bakinta, domin kazar da wuyanta ya saki tana iya nitsewa a ƙaramin kwano. Idan ta galabaita, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1 na ruwa, a ba ta na kwana ɗaya ko biyu kawai, sannan a koma zallan ruwa. Wadda ba ta sha da kanta, a yi amfani da sirinji mara allura, ana ɗiga mata a gefen baki, ɗigo-ɗigo, ana jira ta haɗiye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe bakin a tuttula ruwan. Ƙofar numfashin kaza tana nan a bayan harshe, ruwan ya wuce huhu, sai a ce ciwon ne ya kashe ta alhali ɗuren ne.

Abinci kuma a jiƙa shi ya yi laushi. Abincin kaji na buhu ya fi tsaki ko dusa zalla, mai ƙwai tana cin gram 110 zuwa 120 a wuni idan tana da lafiya. Dafaffen ƙwai da aka murmushe yana jan hankalin wadda ta ƙi ci. Da safe kafin a ba ta komai, a taɓa jakar abincin da ke ƙasan wuyanta ta ɓangaren dama. Ya kamata a ji ta wayam. In ta kwana a cike ko tana tsami, cikin ya tsaya, kada a ƙara cusa abinci.

Bayan nan ne za a zauna a dube ta da kyau, domin yadda ta kwanta ma yana faɗin abin da ke damunta. A juya tafin ƙafar. Kumburi mai zafi da baƙin ɓawo a tsakiya ƙurji ne da ƙwayar cuta ta shiga ta wani ɗan yanka, galibi daga dirowa kan ƙasa mai tauri ko taka ƙusa. Ana jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri minti 10 zuwa 15 kullum, a shafa aidin, a naɗe da bandeji ba tare da matsewa ba. Mugunyar kaza daskararriya ce kamar cuku, ba ta fita da matsa, in ƙurjin ya yi girma aikin likita ne. Idan kuma aka shafa ƙashin aka ji yana motsi inda bai kamata ba, karaya ce. Wadda ta faru ƙasa da gwiwa ana iya ɗora ta da sillen kara biyu da auduga da filasta, tana haɗewa cikin mako 2 zuwa 3. A riƙa duba yatsun: in sun yi sanyi ko sun kumbura, ɗaurin ya yi tsauri.

'Yan tsakin da yatsunsu suka lanƙwashe ciki, suna tafiya a kan gwiwa, yawanci bitamin B2 suka rasa. Wannan yana da daɗin magani idan aka kama shi da wuri: garin bitamin na kaji mai ɗauke da rukunin B a cikin ruwa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin fakitin, sau da yawa ana ganin canji cikin 'yan kwanaki. Kaza mai ƙwai da ta durƙushe tana yin ƙwai mai laushin ɓawo, ƙashinta ne ya zube, domin tana bukatar kusan gram 4 na kalsiyam kullum kuma hatsi ba ya ba ta. A gasa ɓawon ƙwai a daka mata, a fitar da ita hantsi na ɗan lokaci. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa da shi a gidajen ƙasa: kaskar kaji. Da rana tana ɓoye a tsagar bango, da dare ta fito ta sha jini, kuma tana iya shanye ƙafafun kaza. A haska akurkin da tocila da dare, a kuma ɗaga fiffike a duba.

Cututtuka biyu ne masu tsanani. Budurwar kaza mai wata 2 zuwa 6 da ta miƙe ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, tana ci amma tana ramewa, alama ce ta cutar Marek, wadda ke kumbura jijiyar ƙafa. Ba ta da magani, rigakafinta ana yi ne ranar da aka ƙyanƙyashe ɗan tsako. Ta biyu ita ce Nukasil, wadda ke share kaji da hunturu: koren zawo, gyangyaɗi, ƙarar numfashi, daga baya wuya ya murɗe ƙafafu su mutu. Duka biyun ƙwayar bairos ce ke kawo su, don haka kafso na mutane da ake farkewa a zuba a ruwa ba ya taɓa su, haka ɓawon maɗaci da barkono. Abin da ke kare sauran kajin daga Nukasil shi ne rigakafin LaSota ko I-2, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take yi, kuma masu lafiya ake yi wa. Idan kaji da yawa suka mutu farat ɗaya, zankonsu ya yi shuɗi-shuɗi, fuska a kumbure, kada a taɓa su da hannu tsirara, a hana yara zuwa wurin, a sanar da asibitin dabbobi na gwamnati. Wannan na iya zama murar tsuntsaye, wadda ta shigo Najeriya tun 2006 kuma tana dawowa lokaci zuwa lokaci.

Ko mene ne sanadin, kazar da za ta yi kwanaki a kwance tana bukatar kujera. A samo bokitin roba ko kwali mai ƙarfi wanda faɗinsa ya ɗan fi jikinta. A shimfiɗa tsohuwar riga mai taushi a bakinsa, a ɗaure ta da igiya ko a danne da abin maƙale shanya, ta ɗan lotsa a tsakiya. A yanka huda biyu na ƙafafu, tazarar yatsu uku tsakaninsu ga babbar kaza, da huda ta uku a baya daidai inda kashi zai faɗa. Ma'aunin da ya fi muhimmanci shi ne tsayi: tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa a shimfiɗe, gwiwa ta ɗan lanƙwashe. In ƙafafun suna lilo a iska, jini ba ya gudana sosai kuma ba ta samun abin turawa, in kuma rigar ta yi ƙasa da yawa, tamkar a kwance take. A maƙala ƙananan gwangwanaye biyu a gaba, na ruwa da na abinci. A fara da minti 30, a kai awa 1 zuwa 2, sau uku a wuni, a ƙarƙashin idon mutum, saboda wadda ta firgita tana iya kifewa. Ba a barin ta ta kwana a ciki. Da dare a kwantar da ita a kan ƙirji, a naɗe tsumma kamar gammo a tokare ta ta gefe biyu don kada ta mirgina.

Sau biyu a wuni a riƙe kowace ƙafa a lanƙwasa a miƙe a hankali kamar sau 10, a buɗe yatsun, don kada gaɓoɓin su sandare. Ba a yi wa ƙafar da aka ɗora wannan. A aske gashin da ke kewaye da duburarta, a wanke da ruwan ɗumi, a busar, a shafa basilin. Da damina kwana ɗaya ya ishi ƙuda ya yi ƙwai a jiƙaƙƙen gashi tsutsa ta fara cin nama, saboda haka wannan dubawar ba a tsallake ta.

Maganin ciwon jiki na mutane kada a ba ta da ka, wasu suna lalata ƙodar tsuntsu, likitan dabbobi yana da wanda ya dace da nauyinta. Duk maganin da aka ba ta, a tambayi kwana nawa za a daina cin ƙwanta. Alamar samun sauƙi ita ce ta fara gyara gashinta, tana tura ƙasa da ƙafa a cikin kujerar, nauyinta bai ragu ba. In an kai kwana 10 zuwa 14 ƙashin ƙirjinta sai ƙara fitowa yake kamar wuƙa, ta daina ci, ko numfashi ya fara yi mata wuya, barin ta wahala ce kawai. A yanka ta, amma ba don tukunya ba: a haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tone ba a binne ta, a ƙone kwalin da shimfiɗar, a wanke bahon da ruwan bilic kafin wata kaza ta kusance shi.